Zangon da Ba a Tashi Ba

Kafin Sakkwato ta zama birnin da ake yi wa sammako daga nesa, ita ma zango ce. Tudu ne kusa da inda gulbin Rima ya gamu da gulbin Sakkwato, ga ruwa ga ciyawa, ga 'yan gidaje tsiraru. Irin wurin da matafiyi kan sauke kaya, ya shayar da dabba, ya miƙe ƙafa, asuba ta gari ya ɗaure ya wuce. A ƙarshen daminar 1804 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun sauka a nan, har aka gana da Galadiman Gobir. A 1806 Muhammadu Bello ya sake ratsowa da runduna, shi ma wucewa zai yi. Duk cikinsu babu wanda ya zo da niyyar zama. Sai a 1809 Bello ya ja ganuwa ya ce nan ne, Shehu kuwa bai tare ba sai 1815, shekara biyu kafin rasuwarsa. Don haka idan muka tashi bin sawun kalmomin da Bahaushe ke kiran ɗan tsayawar da ake yi a tsakiyar tafiya, da waɗanda yake kiran abin da aka ce sai gaba, ba sai mun je aro maƙwabta ba. Garinmu kansa ya isa shaida.

Mu fara da shekara goma sha ɗayan da ke tsakanin Degel da Sakkwato. A watan Fabrairun 1804 Shehu ya fita Degel, raƙuman Agali Ba'abzine na ɗauke da littattafai, aka nufi Gudu. A Gudu aka yi mubaya'a, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwato. Daga nan kuma tafiya ta miƙa: yau nan, gobe can, yunwa ta kora, annoba ta kora, har aka je Sabon Gari a ƙasar Zamfara, aka dawo Gwandu, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Shehu ya koma Sifawa. Kalmomin da suka yi ƙarfi a bakin mutanen wannan zamani su ne hijira da sansani da ribaɗi. Sansani na mayaƙa ne, bukkoki da shingen ƙaya, ana kafa shi da sanin za a bar shi. Ribaɗi kuwa dabara ce ta daban, kuma Bello ne gwaninta: a ɗauki sansanin da ke bakin iyaka, a yi masa ganuwa da masallaci, a kawo manoma da masaƙa da malamai, a ce masu ku zauna. Haka Wurno ta samu, a can kuma ya rasu a 1837. Wato tun asali wannan daula ta iya mai da masauki mazauni, kuma da gangan take yi.

Sai dai mutanen da suka yi wannan yawo malamai ne, malami kuwa ba ya barin abu ba awo. A nan ne muke ganin abin da ya fi burge mu a duk labarin. Littattafan da har gobe ake karantawa a zaurukan Sakkwato, daga Iziyya zuwa Risala zuwa Askari, sun yanka wa tsayawa iyaka. Wanda tafiyarsa ta kai baridi huɗu, mil 48 ke nan, ya yi ƙasaru, salla mai raka'a huɗu ta koma biyu. Idan ya sauka a wani gari ya ƙudurta zai yi kwana huɗu cikakku, ko zaman da zai cinye salla ashirin, to hukuncin tafiya ya yanke, ya cika sallarsa kamar ɗan gari. In bai ƙudurta ba, matafiyi ne, ko da ya kwana ya hantse. Dubi yadda aka raba tsakanin ya da zango da zama: ba da yawan kayan da aka sauke ba, da abin da zuciya ta ƙulla. Al'ada ma ta bi sahu. Baƙunci kwana uku ne, bayan nan an zama na gida, a miƙa wa mutum fartanya. Shi ya sa ake cewa baƙo raɓa ne.

Da ƙura ta lafa, hanyoyi suka buɗe, sai kalmar zango ta shiga ganiyarta, domin zamanin fatake ya zo. Ayari kan fita da jakai da takarkarai da alfadarai, an labta kanwa da tufafi da jan fatar akuyar nan da Sakkwato ta yi suna a kanta, a bi ta Jega, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a wuce Sansanin Mango da Yandi, har Salaga a ƙasar Gwanja, a juyo da goro. Tafiyar watanni ce. Baturen nan Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa, maza da mata, sun haura dubu, dabbobin ma kamar haka. Taro irin wannan ba ya tsayawa inda ya ga dama. Madugu ne uban tafiya, jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na fama da kuɗin fito da na sarakunan da za a bi ta ƙasarsu, ga kuma malamin ayari, wanda in ya duba ya ce yau ba sa'a, sai a ɗaga tashi zuwa jibi, ba mai musu. Ana sammako, a yi ta tafiya har rana ta take, sannan a sauka inda aka san akwai rijiya ko mashaya. Mata su hura wuta, yara su kai dabbobi kiwo, mutanen ƙauyen kusa su fito da fura da dawa da ciyawa, nan take kasuwa ta ci.

Wannan saukar ita ce ya da zango. “Ya da” ɗin nan ɗan'uwan “yar da” ne, jefarwa ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ture mangala daga bayan jaki bayan tafiyar wuni zai gane dalilin da ya sa ba a ce “ajiye zango” ba. A yau wasu marubuta kan sa mata ƙugiya su rubuta “yaɗa zango”, sai ka ce zangon jita-jita ne da ake bazawa gari. Abin lura na biyu shi ne kalmar fuska biyu gare ta tun fil azal. Zango shi ne wurin da aka sauka, kuma shi ne tazarar da ke tsakanin sauka da sauka. Shi ya sa ake ya da zango, kuma ake cin zango. Bafatake ba ya cewa gari kaza mil kaza ne. Zango nawa ne, ko kwana nawa ne. Idan tsofaffin Sakkwatawa suka tari wanda ya dawo daga tafiya, bayan “kun iso lahiya” tambayar da ke biyowa ita ce “ina kunka kwana?” Da jin amsar sun san hanyar da ya biyo, sun san ko ya yi sauri ko ya yi nawa.

Ƙananan tsayawa kuma kowace da sunanta, ba a cakuɗa su. Wanda ya kauce daga hanya don wata 'yar buƙata ratsewa ya yi. Wanda ya shiga gaida dangi a garin da ke kan hanyarsa biyawa ya yi. Wanda ya fake a gindin tsamiya har zafin rana ya karye ƙailula ya yi. Wanda ya tsaya cak ya juyo ya fuskanci abin da ke bin sa, wannan ya ja tunga. Tungar ma ta bar mana gado, domin duk yammacin ƙasar Hausa, musamman bakin gulabe, cike yake da Tungar wane da Tungar wance, rugagen masunta da manoma da suka zo cin kaka ɗaya suka yi jikoki.

Darajar zango ba ta fitowa sosai sai an je inda babu shi. A gabashin Sakkwato akwai dajin Gundumi, ba ruwa, ga mahara daga Gobir da Maraɗi suna kai-kawo. Matafiyan ƙarni na 19 ba sa kwana a cikinsa. Taruwa ake yi a bakinsa, a cika salka, a shige shi da gudu-gudu sauri-sauri. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya ratsa shi a 1853, yini da kwana har da ɗori ba a sauke kaya ba, mutane da dabbobi na faɗuwa don gajiya. Da ya fito ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu yana shirin fita yaƙi, aka ce ya je Wurno ya jira. Ya jira sama da wata guda.

Jiran nan na Barth shi zai kai mu ga ɗaya ɓangaren zancen. A wancan zamani ɗage abu yana da ƙofa ɗaya sananniya, ita ce sallama. Baƙon sarki ba ya tashi sai an sallame shi, kuma fada ba ta cika cewa a'a ba. Sai dai a ce a dakata tukuna, hanya ba lafiya, a bari a kwana biyu, a bari damina ta wuce. Clapperton ya ɗanɗana wannan har sau biyu. Ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi, burinsa ya wuce Yawuri ya ga Kwara da idonsa. Bello ya karɓe shi hannu bibbiyu, suka yi ta hira kan littattafai da taurari da ciniki, amma zancen Yawuri kullum sai gaba, har ya haƙura ya juya a watan Mayu. Da ya dawo a 1826 ya tarar ana yaƙi da Barno, aka hana shi wucewa da saƙon da ya ɗauko wa Shehun Barno. Yana cikin jiran ciwo ya kama shi, ya rasu ranar 13 ga Afrilun 1827. Mu dai a ganinmu Bello bai yi abin mamaki ba. Wane sarki ne zai bar baƙo ya kai wa abokin gabarsa kaya ana tsakiyar yaƙi? Abin da ya dace a riƙe shi ne, jinkirin wancan lokaci yana da mai shi. An san wanda ya ce a dakata, an san zauren da za a je a yi masa magiya.

A can kudu kuwa zanguna na ta rikiɗa. Wurin da ayari ke sauka shekara da shekaru, dole wani ya zauna ya zama fatoma, ya ba da masauki, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya ci la'ada. Bayan fatoma sai limami, sai mahauci, sai wanzami, sai a naɗa Sarkin Zango. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Hausawanta suka bazu zuwa Karaki da Kumasi da Ankara, suka tafi da kalmar. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a Ankara. Yau a Gana da Togo da Binin in aka ce zango ba wanda ke tuna jaki ko mangala. Unguwa ce ta Musulmi, mai makarantu da 'yan ƙwallo da 'yan siyasa, har gwamnatin Gana ta kafa ma'aikata sukutum mai ɗauke da sunan zango a 2017. A Damagaram ma gari biyu ne a haɗe, Birni da Zango. Nan gida ga Zangon Daura, ga Zangon Kataf, ga Zangon Barebari a cikin birnin Kano. Kowanne ka tono asalinsa za ka iske wani ne ya ce bari mu ɗan huta.

Mafi nauyin irin wannan labari a zuciyar Basakkwace shi ne na 1903. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya da Turawa, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas, jama'a na bin sa gari-gari, niyyarsu Makka. A Burmi aka tare shi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba, har suka sauka a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Garin da suka kafa sunansa Mai Wurno, yana nan har yanzu, ana jin Fillanci da Hausa a cikinsa. Su da dubban alhazan ƙafa da suka biyo bayansu, masu tsayawa su yi noman auduga shekara biyu ko uku don su tara guzirin zango na gaba, da yawansu can suka tsufa suna kiran kansu matafiya.

Zuwan Turawa ya kawo sababbin kalmomi, kuma kusan dukkansu aro ne. Ta farko bariki. Asalinta gidan soja, amma a ƙauyuka ta zama sunan gidan saukar da ake gina wa Joji da Di'o a bayan gari don rangadi, tazarar tafiyar yini tsakanin wannan da wancan. Tsarin zango ne sak, illa dai talakawa ke ginin, su kawo ruwa da itace da ƙwai, ba kuma ciniki suka zo yi ba. Da yake a gefen barikin ne masu dafa abinci da masinjoji da 'yan kiɗa da matan da suka bar gida ke taruwa, kalmar ta ɗauki wani wari da har yau bai sake ta ba. A ce da mutum ɗan zango ba zagi ba ne. A ce masa ɗan bariki kuwa, sai a shirya rigima.

Ta biyu tasha, ita kuma jirgin ƙasa ya kawo ta. Dogo ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan ya hau jirgi, manyan ayarin Gwanja suka fara mutuwar tsaye. Reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya ja birki a nan. Kakanninmu sun ɗauka numfasawa ya yi kafin ya ƙaraso. Shekara kusan ɗari ke nan yana numfasawa. Wannan ya sa Sakkwato ta zama garin mota tun da wuri: gyaɗa da auduga da fata a kai su Gusau a lori, 'yan cin rani su bi ta nan zuwa Kurmi da Gwalkwas, su dawo da faɗuwar ruwan farko. Cin rani ma, in aka duba, zango ne mai tsawon rani guda.

Mota ta sake zana taswirar tsayawa. Da can ruwa ke yanke inda za a sauka. Yanzu sai inda hanya ta rabu, inda ake shan mai, inda direba ya san mai tuwo. Wanda ya bi hanyar Gusau a zamanin lori da kiya-kiya, har zuwa zamanin Fijo, ya san jerin: Shuni, Dange, Lambar Tureta, Lambar Bakura, Talatar Mafara, inda ake tsayawa a yi salla a ci tsire, yaron mota ya dire da wejinsa ya cusa a ƙarƙashin taya. Garuruwan da titi ya kauce wa suka aiko da 'ya'yansu bakin hanya, lambar ta zama gari, wani lokaci ta fi uwar garin kasuwa. Har wani abin dariya ya faru a harshe: kwana ta Bahaushe, wadda ake auna nisa da ita, ta samu takwara daga Turanci, kwana ta lanƙwasar titi. Wanda ya ce ya tsaya a Kwanar Dangora bai kwana ba, ƙila ko minti goma bai yi ba. A tasha kuma aka haifi wani sabon nau'in jinkiri, wanda ba sarki ba ne ya sa shi, ba kuma malamin duba ba: jiran mota ta cika. Ɗan kamasho na rantsuwa “saura mutum guda mu tahi”, alhali rabin waɗanda ke zaune a ciki 'yan tashar ne, da an samu fasinja na gaske sai su sulale ɗaya bayan ɗaya.

A nan za a zaci zango ta mutu tare da ayari. Ina! Sai ma ta bar ƙasa ta hau iska. Lokacin da rediyo ya shigo, BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, masu fassara suka nemi yadda za su faɗi tsawon igiyar da ke ɗauke da murya. Ba su yi aro ba. Suka koma wa ma'ana ta biyu, ta tazara, suka ce gajeren zango da matsakaicin zango. Duk wanda ya tashi a gidan da uba ke murɗa akwatin rediyo da asuba yana neman mita kaza a gajeren zango ya san daɗin wannan fassara, ko da bai taɓa tambayar inda ta fito ba. Abin sha'awa, gajeren zangon shi ke zuwa daga Landan, matsakaicin kuwa iyakarsa 'yan jihohin kusa. Daga baya aka samu makami mai cin dogon zango, da jirgin da ya ya da zango a Alƙahira kafin ya wuce Jidda. Makarantar boko ta raba shekara zango uku. Siyasa ma ta karɓa: Alhaji Shehu Shagari ya shiga zango na biyu ranar 1 ga Oktoban 1983, soja suka katse shi a ranar ƙarshe ta shekarar. Mai mulkin da ya iso zango ya ƙi sauke kaya kuwa, Hausa ta ba abin da yake nema suna tun zamanin Abacha, ta-zarce, sunan ya sake tashi a 2006 lokacin da majalisar dattawa ta binne zancen zango na uku. Ko madugun Gwanja aka tasa daga kabari aka gaya masa wane ya zarce, zai gane laifin ba sai an yi masa bayani ba.

Kalmomin jinkiri su ma sun yi tasu hijirar, daga zaure zuwa ofis. Ɗagewa daga ɗagawa take, a cira abu daga inda yake a matsar da shi gaba. Da can abin da ake ɗagawa sananne ne: a ɗaga biki zuwa bayan kaka don rumbu bai cika ba, a ɗaga wa mai bashi ƙafa har ayari ya dawo. Kowace ɗagawa da ranarta a haɗe, kuma fasawa daban take, ita ce a bar abu ɗungurungum. Da kotu da majalisa da hukuma suka zo, “an ɗage” ta zama kalmar da labarai suka fi so. An ɗage sauraron ƙara, an ɗage zaman majalisa, an ɗage jarrabawa, an ɗage ƙidaya. Ka lura da “an” ɗin nan. Ba ta da fuska, ba ta da zaure. Ƙungiyoyin ƙwadago suka zo da tasu, jinginewa, kamar yadda ake jingine sanda a bango inda hannu zai kai: ba a janye yajin aiki ba, an jingine shi. Ɗaliban jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinsu na ƙasa baki ɗaya sun san bambancin, su da suka zauna gida daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022. Tsagaitawa, wadda da ruwan sama aka san ta da shi, ta koma ta wuta a fagen yaƙi. Idan kuma ɗagewar ba ta da rana sam, sai mutane suka yi mata laƙabi da “sai baba ta gani”.

Zaɓe ne ya fi kowa koya mana wannan kalma. A 2011 an fara jefa ƙuri'a ranar 2 ga Afrilu aka ce a tsaya, kaya ba su iso ba. A 2015 aka matsar da zaɓe mako shida, daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, kuma duka biyun a bakin Farfesa Attahiru Jega aka ji, ɗan garin nan da fatake ke ya da zango kafin su ƙetare Kwara. A 2019 cikin dare aka sanar, mutane sun riga sun yi tafiyar yini zuwa garuruwansu, suka farka aka ce sai mako mai zuwa. A 2019 ɗin kuma Sakkwato ta ƙara koyon wata: zaɓen gwamna na 9 ga Maris aka ce bai kammala ba, gari ya yi mako biyu ba a sama ba a ƙasa, sai ranar 23 aka ƙarasa, tazarar ƙuri'a 342 ta raba gardama.

Halin da hanyoyinmu ke ciki yanzu ba sai an faɗa wa kowa ba. Abin da kawai za mu lura da shi shi ne tsohon lissafi ya dawo. Shekaru talatin da suka wuce direba kan bar Kano da la'asar ya ce a Sakkwato zai yi sallar isha, ko ya kwana yana tafiya don sanyin dare. Yau kafin a tashi sai an ƙirga inda rana za ta faɗi, in ta kama a kwana Gusau ko Funtuwa a kwana, a jira wasu motoci a shiga daji tare, kamar yadda ake taruwa a bakin Gundumi a zamanin Barth. Gundumin ma ta koma bakin mutane da irin sunan da take da shi a da. Sansani kuwa, wanda muka baro a hannun mayaƙan Shehu, yanzu biyu ake ji: na alhazai da na 'yan gudun hijira.

Na alhazan ya tuna mana da wani kawunmu, manomi daga gabashin jiha, da ya samu kujera wata shekara. Aka kira su birni aka ce jirginsu gobe. Gobe ta yi aka ce jibi, jibi ta yi aka ce a saurari sanarwa. Yana kwana a tabarma, jakarsa a ɗaure a matsayin matashi, ko wanki ya ƙi yi kada a kira suna yana bakin famfo. A rana ta shida abin ya dame shi, ba don jiran ba, don salla: tun da ya zo ƙasaru yake yi, ga shi an haura kwana huɗu. Ya sami wani malami a cikin maniyyatan, ya durƙusa ya ce, “Allah shi gafarta Malam, ni yanzu matahiyi nike ko mazauni?” Malam ya tambaye shi ko ya taɓa ƙudurta zai yi kwana huɗu a nan. Kawu ya ce wallahi kullum da niyyar gobe yake kwana. Malam ya ce to ya ci gaba da raka'a biyunsa. Haka ya yi ta yi har rana ta goma sha ɗaya, da aka kira su da tsakar dare, ya saɓi jakar da bai taɓa kwancewa ba ya bi layi.